Yaro Daga Bakin Iyayensa Yake Ɗaukar Harshe

 

Ya 'yan'uwa matasa, babu jaririn da aka taɓa zaunar da shi aka karantar da shi nahawu, amma kafin ya cika shekara uku sai ka ji yana haɗa jimla. A Suratun Nahli, aya ta 78, Allah Ya ambaci ji kafin gani cikin baiwar da Ya yi wa ɗan Adam bayan haihuwa. Ta kunne harshe yake shiga. Jariri yakan fara gwaranci wajen wata shida, ya furta kalmar farko wajen shekara ɗaya.

Sai dai jin sauti kaɗai ba ya wadatarwa. A shekarar 2003, Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun gwada jarirai 'yan wata tara. Waɗanda mutum ya zauna yana yi musu Sinanci sun riƙe bambancin sautukansa. Waɗanda aka nuna wa irin wannan magana a bidiyo kuwa ba su tsinci komai ba. Ashe yaro yana buƙatar fuskar da za ta dube shi, ta amsa masa.

Ƙuraishawa sun fahimci haka tun da daɗewa. Sukan kai jariransu ƙauye domin lafiyar jiki da fasahar harshe, kuma ta haka ne Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Manzon Allah (SAW) a cikin Banu Sa'ad.

To mu fa? Yaro na kuka, sai a miƙa masa waya a huta. Wasu kuma sun haramta Hausa a gida, suna yi wa yaro gurguwar Turanci, har ya tashi bai iya raba "kasa" da "ƙasa" ba, balle ya yi hira da kakarsa. Alhali yaro na iya tashi da harsuna biyu lafiya lau, kuma Hausar da ya ƙware a kanta da ita za a fassara masa karatun Islamiyya ya fahimta.

Saboda haka ku yi wa ƙannenku da 'ya'yanku magana, ku yi musu tatsuniya, ku amsa gwarancinsu. Ku kuma tsare bakinku, domin kunnen da ya ɗauki Bismillah shi ne zai ɗauki ashar.

Allah Ya shirya mana zuriya.