Jaka Ɗaya, Kuɗi Kashi Uku: Tafiyarmu a Jirgin Ƙasa

A wannan fitowa zan ɗan ajiye zancen soyayya gefe, kodayake za ku ga sai da ta biyo mu har tashar jirgi.

Autar gidanmu ce ta ja mini wannan aiki. Tana aji biyar na sakandare, kuma duk sanda muka je Funtuwa ta ga ƙarfen dogo sai ta hau mita, ita dai tana so ta shiga jirgin ƙasa ko sau ɗaya ne. Laifin kakarmu Iya ne. A Funtuwa ta tashi, kuma kullum sai ta ba mu labarin zamanin da jirgi ke tsayawa a tashar garin, a loda auduga da gyaɗa, su kuma su shiga da akwatin ƙarfe da tabarma da buta su nufi Zariya. Layin nan tsoho ne, tun 1929 aka kai shi har Ƙaura Namoda, bayan jirgi ya isa Kano a 1911. Amma yau ɗan yankinmu da ke son hawa jirgin fasinja, mafi sauƙi gare shi ya gangara Kaduna ya shiga na Abuja, wanda aka buɗe a 2016, tafiyar kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu. Mu kuwa muna da Gwaggo a Kubwa, ta daɗe tana cewa mun yar da zumunci.

Aikin farko shi ne neman izini. Da na sami Baba da maganar, shiru ya yi, sannan ya ce, "Ke kin manta abin da ya faru a jirgin nan?" Ban manta ba. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai wa jirgin hari kusa da Katari, aka rasa rayuka, aka tafi da mutane daji, wasu sai watan Oktoba suka dawo gida, jirgin ma bai koma aiki ba sai Disamba. Ban yi musu da shi ba. Na koma ɗaki na rubuta komai a takarda: ranar tafiya, lokacin fita daga gida, jirgin da za mu shiga, wanda zai tarye mu, ranar dawowa. Na ce da rana za mu yi duk tafiyar, kuma da Yaya za mu tafi. Ya karanta har sau biyu, ya kira Gwaggo ya ji daga bakinta, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." 'Yar uwa, idan kina so a bar ki ki je wani wuri, kumbura baki da ƙin cin abinci ba sa kawo izini. Ki je wa iyayenki da tsari, su ga cewa kin yi tunani.

Sai maganar kuɗi. Ni na ci adashina, Auta kuma ta sayar da ɗan akuyarta, Yaya ya ware wani abu daga kuɗin waken soya da ya sayar da kaka. Muka haɗa muka raba kashi uku. Kashi na farko na zuwa ne: mota daga Malumfashi ta bi ta Bakori zuwa Funtuwa, wata daga Funtuwa ta bi ta Giwa da Samaru da Zariya zuwa Kawo, keke daga Kawo zuwa Rigasa, sai tikiti. Kashi na biyu na dawowa ne, daidai da na farko har da ɗan ƙari. Shi na ɗinke a cikin lalita na ɗaura a ƙugu, na ce ko yunwa za ta kashe mu ba mai taɓa shi. Kashi na uku na ko-ta-kwana ne da tsaraba. Yawancinmu kuɗin zuwa kawai muke lissafawa, mu ce na dawowa ai za a ba mu a can. Idan kuma kin tarar mai gidan ba shi da shi fa?

Tun 2021 ake sayar da tikitin jirgin ta intanet, don haka Yaya ya saya mana a wayarsa kafin mu bar gida, a ƙaramin aji mai arha, tunda duk lokaci guda za a isa. Ana neman lambar katin ɗan ƙasa, kuma sunan da ke tikiti dole ya yi daidai da na katin da ke hannunki. Ki duba kuɗi da lokacin tashi a ranar da za ki saya, kada ki dogara da abin da wata ta gaya miki bara. Wanda kuma ya tare ki a bakin tasha ya ce yana da tikiti zai taimaka miki, ki ce kin gode ki wuce. Wata dabara ita ce sanin inda za ki sauka. Jirgin yana tsayawa a Kubwa kafin Idu, da mun bi shi har ƙarshe da sai mun biya tasi ya dawo da mu baya.

Rigimar gaske wajen haɗa kaya aka yi ta. Auta ta fito da atamfa shida da leshi biyu da takalma huɗu, kai ka ce lefe za a kai. Inna kuma ta cika bakko da garin masara da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, wai ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Na ce wa Auta ta ɗauki kayanta duka ta zagaya tsakar gida sau uku. Ko zagaye ɗaya ba ta gama ba ta dire tana haki. Iya tana daga kan tabarma ta ce, "Ja'ira, mu da muka ɗauki akwatin ƙarfe a ka?" Auta ta ce, "Ai Iya ku ƙarfe ne da kanku." Daga nan muka kafa doka: abin da ba za ki iya ɗauka ke kaɗai ba, ki bar shi a gida. Sau huɗu za ki sauya abin hawa, kowane wuri da ɗan dako da kuɗin kaya, ga matakala a tasha, ga turereniya wajen shiga.

Jakar makarantarta ta goyo muka wanke, ni ma na ari ta ƙanenmu. Kowacce ta sa kaya kala uku da za a iya wankewa su bushe da wuri, hijabi biyu, kayan barci, zanin rufa, silifas, soso da sabulu, man shafawa a ƙaramin gwangwani, da audugar mata ko da lokaci bai yi ba. Nannaɗe kayan muka yi kamar tabarma maimakon ninkewa, sai ga wuri ya ragu. A sama muka sa rigar sanyi, don cikin jirgin akwai na'urar sanyaya wuri. Katin shaida da waya da caja suna ƙaramar jakar da ba ta barin jikina, kuma na rubuta lambar Baba da ta Gwaggo a takarda na ba kowa, saboda waya tana mutuwa. Tsarabar Inna muka rage ta koma daddawa da kuka a leda ɗaya, Yaya ya riƙe. Guzuri kuwa dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, cincin da gorar ruwa. Fura da nono muka hana Auta, don kafin Zariya sun yi tsami.

Ana sallame sallar asuba muka fita, muka isa Rigasa da sauran lokaci mai yawa. A ɗakin jira na lura da wata yarinya, ba za ta wuce shekara 19 ba, ga ƙaton akwati ga jakar hannu mai sheƙi, sai danna waya take tana share hawaye da gefen mayafi. Na matsa na ce, "Ƙanwata, lafiya?" Da ƙyar ta buɗe baki. Wani ne da suka haɗu a waya ya ce ta zo Abuja ta ga gari, ya turo mata kuɗin mota zuwa Kaduna, ya ce tikiti da komai ta bar masa. A gida ta ce bikin ƙawa za ta. Tun safe wayarsa a kashe, kuma abin da ke jakarta ko keke zuwa Kawo ba zai biya ba. Har wani mutum ya fara zagaya ta yana cewa ta zo ya kai ta masauki.

Wallahi jikina sanyi ya yi. Na gaya wa Yaya, muka ciro daga kuɗin ko-ta-kwana, na sa ta kira yayarta a gabana ta faɗi gaskiya, Yaya kuma ya raka ta ya sa ta a keke ya biya. Tsarabar da muka yi niyyar sayowa ta tafi ke nan, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, har Auta. Ban san ko alheri mutumin can ya nufa da ita ko sharri ba. Abin da na gani da idona shi ne yarinya a garin da ba ta san kowa ba, babu kuɗin komawa, da kayan da ba ta iya ɗagawa, ga shi ba ta isa ta kira gida ba saboda ƙaryar da ta yi. A wannan hali duk wanda ya miƙo mata hannu sai ta bi shi. Namijin da ke son ki da gaskiya ya san hanyar gidanku.

Da jirgi ya tashi Auta ta manne da taga tana ƙirga duwatsu da gonaki, ta manta da guzurin ma. Mun yi kwana biyar a Kubwa, kaya kala ukun nan sun ishe mu, har akwai wanda Auta ba ta sa ba. Ranar dawowa Gwaggo ta shiga ɗaki tana lalube, na ga alamar wata ya yi nisa, na ce, "Gwaggo ki bar shi, da kuɗinmu muka zo." Ta dube ni ta ce, "Lallai kin girma."

Yanzu ana gina layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, duka an ƙaddamar da aikinsu a 2021. Auta har ta soma tara kuɗi a asusu, wai Maraɗi za mu. Na ce to, amma ta fara da kuɗin dawowa.

Ina jiran wasiƙunku, musamman wadda ta taɓa yin tafiya ta koyo wani abu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu. Taku har kullum.