Atunin Da Ya Ƙi Jin Magani

Kwanan baya na je Godogodo, cikin ƙasar Jama'a, domin gai da wani kawuna wanda ya shekara uku yana fama da gudawa mai jini. Duk wanda ya gan shi sai ya ce atuni ne. Ya sha Flagyl na kemis har ba ya iya ƙirgawa, ya sha saiwa da sassaƙe, ciwon ya lafa wata biyu sa'an nan ya komo. Har yau ba wanda ya leƙa cikin hanjinsa.

To, likitoci sun san wasu cututtuka biyu masu kumbura hanji waɗanda ba ƙwayar atuni ke kawo su ba, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa hanjin. Ɗaya tana yi wa babban hanji gyambo, alamunta kuwa kamar na atuni. Ɗayar ita ce cutar Crohn, sunan likitan Amurka da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932, ita kuma tana kama da tibi na hanji, har takan ruɗa ƙwararru. Hatsarin shi ne, maganin da ke kwantar da Crohn yana iya hura wutar tibi. Gyambon babban hanji kuwa in ya haura shekara takwas zuwa goma, yakan buɗe wa sankara ƙofa. Ba a rarrabe su sai an zura na'ura mai kyamara, an gutsuro ɗan nama, masani ya duba shi a madubin likita. Mutumin Godogodo sai ya nufi asibitin koyarwa, kamar na Jos ko na Shika.

Wannan ya tuna mini da Denis Burkitt, likitan tiyata a Kampala ta Yuganda, wanda a 1958 ya ba da labarin wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara. Bai ɓoye abin da ya gani ba. Ya aika wa asibitocin Afirka takardun tambaya, ya gano cutar tana bin wuraren zafi da damshi, inda daga baya aka danganta ta da zazzaɓin cizon sauro. A 1961 Anthony Epstein ya saurari laccarsa a Landan, suka shirya a riƙa aiko masa da tsokar marasa lafiya ta jirgin sama. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango bairos a cikinta, na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Mu ma da hannunmu a ciki: Farfesa Victor Ngu, wanda ya yi aikin maganin cutar a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar Lasker tare da Burkitt a 1972.

Abin mamaki, Burkitt ɗin nan ne ya yayata cewa cututtukan hanji irin na Turawa ba su cika samun mutanen karkarar Afirka ba, saboda abincinmu mai dusa. Da gaskiyarsa a zamaninsa, amma ni ina ganin maganar ta zame mana matashin kai. Abincinmu ya sake, kuma cutar da ba a nema ba, ba ta shiga lissafi.

Tsoka ta tashi daga Kampala ta isa Landan shekara sittin da suka wuce. Ina roƙon shugabannin asibitocin koyarwa su shirya da likitocin Kafanchan yadda majinyaci zai sami wannan gwaji kusa da gida, naman ya yi tafiyar a madadinsa. Kawuna dai mun sa ranar kai shi Jos bayan girbin citta.