Waƙar da ta fito daga Sakkwato ba da suna ba, da abin da ya shafi 'yan sutudiyon Tamale

Kwanakin baya wani ɗan yayana ya zo da waya yana ta zumuɗi, wai in saurari wasu Abzinawa masu kiɗan rok da Turawa ke rububinsu. Mdou Moctar ne. Na ce masa, "Yaro, ka san a Sakkwato aka naɗi waƙoƙin farko na mutumin nan?" Ya yi mini kallon wanda ke zolaya.

To ba zolaya ba ce. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa a Nijar, bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayoyin birkin keke. A 2008 ya tsallako Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Wanda ya san Mdou na yau, mai jitar lantarki da ke kuka kamar za ta tsage, zai sha mamaki in ya ji Anar. Gangar cikinsa ta kwamfuta ce, muryar kuma an bi da ita ta manhajar Auto-Tune har tana rawa, sak irin waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, waɗanda muke kallo a Zango har dare ya raba. Harshen Tamashek ne, amma rigar da aka sa wa waƙar ɗinkin Bahaushe ce.

Ba kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Waya ce ta yi aikin. Daga memori zuwa memori, ta Bluetooth, a tasha da shagon caji da cikin manyan motoci, waƙoƙin suka ratsa Nijar har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, Tahoultine. Ya sa ta a wani faifai da ya kira Music from Saharan Cellphones, wanda kamfaninsa Sahel Sounds ya buga a faifan garmaho a 2011, kuma sai da ya yi ta cigiya kafin ya samu mai waƙar. A 2014 aka sake fitar da Anar a hukumance. Sauran labarin gajere ne: fim a Agadas a 2015, cikakkiyar ƙungiya da Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim da Mikey Coltun, sai kundin Afrique Victime a 2021 ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka.

Abu biyu ke ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan labari.

Na farko, yadda muke raina namu. Shekara da shekaru ina jin masu ganin sun san kiɗa suna cewa sautin sutudiyon Hausa ba kiɗa ba ne, wai fiyano ɗaya da muryar mutum-mutumi. Ni ma na taɓa faɗa, ba zan ɓoye ba. Amma wannan sautin da ake yi wa dariya shi ne ya ɗauki Tahoultine ya kai ta inda jita zalla ba ta kai sa'o'in Mdou ba. Masu kaɗa jita a tsakanin Abzinawa ba su ƙirguwa, tun zamanin Tinariwen da Abdallah Oumbadougou. Abin da ya bambanta wannan a kunne shi ne hannun sutudiyon Sakkwato. Duk da haka in ana ba da tarihin, Sakkwato layi ɗaya take samu, sai a wuce zuwa Portland da New York, kamar mai haɗa sautin bai taɓa zama a kujerarsa ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi shafar mu a nan Tamale. Mu ma da memori muka tashi. Har gobe akwai samarin da ke zaune da kwamfuta a kewayen kasuwar Aboabo da tashoshin mota, ka ba su 'yan sidi su cika maka waya. Ta wannan hanya waƙoƙin Dagbanci da na Hausa suka shiga ƙauyuka, kafin Fancy Gadam da Maccasio su fara cika filin wasa na Aliu Mahama, kafin Total Cheat ta lashe kyautar waƙar shekara a Ankara a 2018. Amma duba wayarka yanzu, ka ga yawan waƙoƙin da sunansu lamba ce kawai. Babu sunan mawaƙi, babu shekara, balle a yi maganar wanda ya buga fiyano ko ya gyara murya. Mdou ya yi sa'a an samu mai naci ya neme shi. Sa'a kuwa ba tsari ba ce.

Wani zai ce ai yanzu zamanin TikTok ne da Audiomack, zancen memori ya wuce. Ina! Matsalar dai sauya riga ta yi. Waƙa takan yi tashe a intanet, dubban mutane su yi rawa da ita, a shafin wani da ya ɗora ta ba tare da ya san mai ita ba. Hukumar GHAMRO da ke karɓar haƙƙin mawaƙa, duk ƙorafin da ake yi a kanta, ba za ta biya wanda bai yi rajistar aikinsa ba. Kuma in gobe wani kamfani daga waje ya zo yana son waƙar, da wa zai yi magana?

Ba na neman gwamnati ta kafa kwamiti, mun gaji da wannan. Abin da nake roƙon masu sutudiyo shi ne littafi guda na sidi kaɗan: ranar da aka naɗa, wa ya rera, wa ya rubuta, wa ya haɗa sauti, nawa aka biya, kowa ya sa hannu. Sannan a rubuta sunayen a jikin fayil ɗin kafin ya fita ƙofa, a kuma ajiye asalin aikin a wuri biyu, don kwamfuta ba ta da amana. Na san wani mai sutudiyo a garin nan da aikin shekara bakwai ya tafi a dare ɗaya da wuta ta dawo da ƙarfi. Da na tambaye shi ko yana da kwafi a wani wuri, sai ya ce yana bin tsofaffin kwastomominsa gida-gida, ko Allah zai sa wani bai goge memorinsa ba.