Wasiƙa Zuwa ga Masu Algaita na Wurno da Rabah da Goronyo

Ya ku iyayenmu da dattawanmu mabusa, da ku masassaƙa waɗanda algaita ke fitowa daga hannuwanku, ina neman izni in yi magana a kan wata mas'ala wadda a zahiri ƙarama ce, amma a nazarina rayuwar sana'arku a kanta ta rataya, wato abin busa na farko da kuke danƙa wa yaro ranar da ya durƙusa gabanku yana neman ilmi.

Dalilin wannan takarda wani yaro ne da na gani a kasuwar Achida, bai wuce shekara goma sha biyu ba, yana zaune bayan mahaifinsa da wata tsohuwar algaita wadda fatar jikinta ta ɗaye, gindinta ya tsage har an ɗaure shi da zare, yana ta fama, jijiyoyin wuyansa sun tashi, idanunsa sun kawo ruwa, amma abin da ke fita bai fi kukan ɗan akuya ba. Da na yi wa mahaifin magana sai ya ce mini ai koyo yake yi, in ya iya a saya masa ta kirki. Na daɗe ina juya wannan amsa a zuciyata, domin na san ba rowa ce ta sa shi faɗinta ba, al'ada ce ya tarar, kuma al'adar da gaskiyarta ta wani gefe, tun da ba a ba jariri wuƙa mai kaifi. Sai dai algaita ba wuƙa ba ce. Wadda ke yoyon iska ko a bakin Sarkin Busa aka sa ta ba za ta ba da murya daidai ba, balle a bakin yaron da bai san inda laifinsa ya ƙare na itace ya soma ba. Shi kuwa yaro, da yake bai da hujjar tuhumar kayan aiki, kansa zai tuhuma, ya yanke wa kansa hukuncin cewa Allah bai ba shi baiwa ba, ya ajiye ta ya koma fadamar albasa da tafarnuwa, ba tare da kowa ya lura an yi hasarar mabushi ba.

Ƙasar nan kuwa ba ta cancanci wannan hasara ba. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake, kuma a nan Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Rabah ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Garuruwan da suka ga irin wannan sarauta, in aka wayi gari ranar hawan Salla ana neman mai busa sai an aika wata ƙasa, to abin kunya ne gare mu duka. Na sani malamai sun yi bahasi mai tsawo a kan kiɗa da busa tun zamanin Shehu, kuma ban isa in tsoma baki cikin fatawa ba. Maganata ga waɗanda suka gaji abin ne, suna ci da iyalinsu da shi.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne yadda Turawa suka yi da nasu abin busa mai suna kilarinet, wannan baƙar sarewa mai maɓallan ƙarfe da kuke gani a hannun 'yan badujala na soja da na 'yan sanda. Wani maƙeri ne a birnin Nuremberg na Jamus, Johann Christoph Denner, ake danganta wa ƙirƙirarta wajen 1700, sa'an nan Klosé da Buffet suka gyara tsarin maɓallanta a Faransa wajen 1840. Ta ƙwararru da wani baƙin itace mai nauyi ake yin ta, wanda akasarinsa daga Tanzaniya da Mozambik ake saro shi, kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka. To, maimakon su bar yara da tarkacen manya, sai masu sana'ar suka ware wata daban domin ɗalibi, suka zuba jikinta da roba mai tauri, suka rage ado, suka sauƙaƙa farashi, amma suka ƙi taɓa abu guda, shi ne daidaiton murya. Har karan bakinta sun yi masa lamba gwargwadon taurinsa, mai koyo ya fara da 2 ko 2½, ya riƙa hawa yayin da leɓɓansa ke ƙarfi.

Wannan hikima nake roƙon masassaƙanmu su ɗauka, ba robar ba. Ku sassaƙa wa yaro algaita tasa, wadda tazarar ramukanta ba ta fi yatsunsa ba, domin yaron da ke miƙa yatsa da ƙyar ba zai toshe rami sarai ba, kuma karkacewar hannun da ya koya a shekarar farko da ita zai tsufa. Itacen ya kasance ya bushe a inuwa ya huce, don kada hunturu ya tsaga shi. Bututun tagulla ya zauna daram ba ya girgiɗi, faifan da leɓe ke jingina a kai ya zama ba shi da kaifi, kuma daidai bakin yaro. Fata mai rini da tuntaye da sauran ƙawa ku bar su sai ranar yaye. Kuɗinsu ya fi amfani in aka sayi karan baki da yawa, masu taushi, gama yaro yana tauna su yana fasa su, kuma kara biyu na algaita sun fi kara ɗaya na kilarinet wuyar sarrafawa. Kafin ma ya taɓa algaitar, ku ba shi siririn kara da ƙwaryar ruwa, ya yi ta hurawa har ya iya shaƙar iska ta hanci alhali kumatunsa na tura ta waje, kumfa bai yanke ba.

Ku kuma iyaye, kada ɗayanku ya sayi algaita don ya ga ta yi kyau a rataye. Ya tafi da malamin yaron, malamin ya toshe ramukan duka da bakin ƙasa ya hura ya ji ko iska na zurara, ya busa ta daga ƙasa zuwa sama, sa'an nan a miƙa wa yaron a ga yadda ta zauna a hannunsa, bayan haka a yi ciniki. Tsohuwa mai lafiya daga hannun mabushin da aka sani ta fi sabuwar da ba a san wanda ya sassaƙa ta ba.

Ba zan rufe ba sai na taɓa waɗanda 'ya'yansu suka shiga makaranta a Sakkwato ko Kaduna suka dawo suna neman kilarinet ɗin kanta, domin na san akwai su, kuma bai kamata uba ya ɗauki wannan a matsayin bijirewa gado ba. A saya masa ta roba, irin wadda ake kira B-flat, gama ta itace, duk darajarta, ba ta jure bushewar iskarmu tsakanin Disamba da Fabrairu, ga ƙurar da ke tasowa daga wajen Goronyo in ruwan Rima ya ja baya. A nemi sunan da aka sani, kamar Yamaha ko Buffet Crampon, ko da ta hannu ce, a guji mai ƙyalli marar suna wadda maɓallanta ke lanƙwashewa, in ta lalace kuma babu mai gyara. Ai Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. A duba 'yan matasan da ke ƙarƙashin maɓallan ko sun rufe ramuka ruf, a duba toton da ke haɗa gaɓoɓinta biyar ko bai ɓarɓashe ba, a kuma tambayi mai sayarwa tun kafin a biya inda za a riƙa samun karan baki, domin daga waje ake kawo shi, mafi shahara daga kudancin Faransa, kuma kwali ɗaya ba ya kai yaro shekara. In hali bai kai ba, a ari ta makaranta tukuna har a ga ko son na gaske ne.

Shi kuwa yaron Achida, na koma na tarar da mahaifinsa bayan girbi, muka tafi tare wurin wani tsohon masassaƙi a ƙasar Rabah, ya auna yatsun yaron da sili, ya ce a dawo bayan sati uku. Allah ya ja zamaninku, ya albarkaci hannuwanku da zuriyarku.