Ɗan wane ne? Ba ita ce tambayar ba

Jama'ar Katsina, duk wanda ya fito neman kujerarmu a Majalisar Dokokin Jiha, abin da muke fara tambaya shi ne ɗan gidan wa ne, wace unguwa ya tashi. To, mun ji, ɗan Ƙofar Sauri ne, kakansa malami ne, Allah Ya jiƙan magabata. Sai me? Majalisar nan kujeru 34 gare ta, duk faɗin ƙaramar hukumar Katsina ɗaya tal muke da ita, kuma a zauren ne ake amincewa da kasafin kuɗin da Gwamna Dikko Radda ke kawowa. Ni dai mai son ƙuri'ata a 2027 ya fara gaya mini abin da ya sani game da madatsar ruwa ta Ajiwa, da dalilin da ya sa magidanci ke tsaye bakin ƙofa tun asuba yana jiran mai kurar ruwa, ga famfo a tsakar gida ya yi tsatsa. Atamfa da taliyar ranar zaɓe kuwa, kafin sati ya zagayo an manta. In ya zo majalisarku gaisuwa, ku ba shi tabarma, sannan ku tambaye shi wace doka zai kai zauren.