Gara, damina da sakaci: Wa zai ceci tsofaffin sassaƙe-sassaƙen ƙasar Rano?

A ƙauyen Alchi da ke yankin Ladakh, can cikin tsaunukan Himalaya a arewacin Indiya, akwai ɗakunan ibadar mabiya addinin Buda waɗanda ginshiƙansu da ƙofofinsu na katako, masu ɗauke da sassaƙa, suka shafe kimanin shekaru 800 suna tsaye. Sanyi da bushewar iska sun taimaka, amma har yau wurin yana da masu kula da shi.

A ƙasar Kano lamarin ya sha bamban. Gara da ruwan damina ba sa raga wa itace, sai dai hannun mutum ya fi su ɓarna. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, alhali tun 2007 Najeriya ta sanya ganuwar Kano cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su. Tsofaffin ƙyaurayen ƙofofin birni da ake gani a yau sun tsira ne saboda an adana su a Gidan Makama.

Idan birni mai gidan tarihi ya yi irin wannan asara, ina ga karkara? Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai. A garuruwanta da ƙauyuka irin su Yalwa, duk lokacin da aka rushe tsohon zaure domin ginin siminti, azara da ƙyaure kan ƙare a murhu, akushi da kujerar da masassaƙi ya ƙawata kuma roba ta maye gurbinsu.

A watan Yulin 2024 gwamnatin Kano ta sake kafa masarautar Rano a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano, Kibiya da Bunkure. An yi ta muhawara kan daraja da iko, amma ba a cika tambayar wa ke riƙe da amanar kayan tarihinta ba.

Aikin bai fi ƙarfin masarautar ba. Hakimai da dagatai sun san gidajen da ke da tsofaffin ƙyauraye, tambura da alluna. A yi musu rajista da hotuna, a ware ɗaki guda a fada, ƙananan hukumomin uku su sanya kuɗin maganin gara a kasafinsu, 'yan kasuwa kuma su tallafa. Gini ana iya sake shi, amma sassaƙar da wuta ta ci ta tafi ke nan.