Hanya Ta Buɗe, Zuciya Fa?



A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Motoci suka dawo bin hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku. Abin godiya ne. Sai dai mutumin Damari da ya kwashi iyalinsa ya gudu a daminar 2022, lokacin da 'yan Ansaru da 'yan bindiga suka mayar da gabashin Birnin Gwari fagen daga, har yau in ya ji rugugin babura da tsakar dare sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Wannan ciwon babu shi a takardar sulhu, kuma bai san masallaci ko coci ba.

Na san mafi yawanmu Musulmi ne, mun kuma iya rubuta tawakkali a labari. Yau ina so mu leƙa gidan maƙwabcinmu Kirista, Bagwari ne ko Bahaushe, mu ga da me yake yaƙar zullumi da mugun tunani. Ra'ayina shi ne: bangaskiyar da ke taimakon mai fargaba ita ce wadda ta yarda cewa yana jin tsoro. Wadda ke ce masa tsoro zunubi ne kuwa, ƙara masa kaya take yi.

Littafi Mai Tsarki da kansa ne shaidata. Cikin Zabura 150, da yawa kuka ne da kai ƙara wurin Allah. Ta 88 ma har ta ƙare babu kalmar lallashi ko ɗaya, kuma ba a cire ta daga littafin ba. Mai bi yana da izinin faɗa wa Ubangijinsa cewa ya gaji. Tunanin da aka furta shi kuwa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ke kewaya ƙwaƙwalwa da ƙarfe biyun dare.

Sai labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Ya tsere wa Yezebel, ya shiga jeji, har ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara yi masa shi ne aka ba shi abinci da ruwa, aka bar shi ya yi barci. Magana sai daga baya. A Matiyu sura 6 kuma Yesu ya koya wa almajiransa su tsayar da damuwarsu a kan ranar da suke ciki. Ga manomin da bai san ko zai girbe masararsa ba, wannan dabara ce ta rayuwa: yau a yi noma, a ciyar da yara, goben a bar wa Mai ita.

Akwai kuma jama'a. Ranar 5 ga Yulin 2021 aka sace ɗalibai sama da 120 a makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun, maƙwabciyar Birnin Gwari. Iyaye suka riƙa taruwa a harabar makarantar suna kuka da addu'a. Rukuni-rukuni aka riƙa sakin yaran, na ƙarshe sai da ya haura shekara biyu. Addu'a ba ta gajarta wa wannan gida jira ba. Abin da taro irin wannan ke yi shi ne ya hana uwa zama ita kaɗai a ɗaki tana saƙa mafi munin labari. Aikin da Zumuntar Mata ke yi ke nan a ikkilisiyoyi: ziyara, waƙa, kwanon tuwo, da kunnen sauraro.

Wani zai ce wannan ai maganin barci ne, ana lallashin talaka gwamnati tana hutawa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Addu'a ba ta ɗauke wa hukuma nauyin tsare dajin Kamuku. Haka nan wanda ya yi watanni ba ya barci, ko yake tunanin hallaka kansa, likita yake bukata tare da addu'ar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan a Barnawa, cikin Kaduna. Faston da ya ce kowace firgita aljani ce, ko ya ce wa majinyaci ya zubar da magani don nuna bangaskiya, ya cuci tumakinsa. Amma mutumin da tsoro ya daskarar ba ya iya neman haƙƙinsa. Sai zuciya ta ɗan kwanta ƙafa take iya zuwa gona, baki ya iya tambayar shugabanni.

To mu marubuta fa? Littattafanmu sun cika da jaruman da ba sa rawar jiki, da malamin da zai yi nasiha shafi guda kowa ya warke. Kirista kuwa in ya shigo labarinmu, yawanci baƙo ne mai gurɓatacciyar Hausa. Alhali tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller ya yi fice a cikinsa, kuma akwai gidajen da da Hausa suke mafarki, da ita suke addu'a. Kafin ka sa irin wannan uwa a labarinka, je ka gaishe ta, ka ji yadda take furta salama da ta'aziyya da jimiri. Ka bar ta ta ji tsoro a shafi na goma, ta kuma ji shi a shafi na ɗari, tana tashi kullum tana hura wuta.

Allah Ya zaunar da Damari da Birnin Gwari lafiya, Ya sanyaya zukatan da suka firgita. Sai mako mai zuwa.